Bidiyon da Apa Sabohat Ta Matse

Idan ka bi layin masu zabibi a kasuwar Isfara har ƙarshensa, kunnenka zai riga idonka isa rumfar Apa Sabohat, wato Yaya Sabohat a bakin mutanen garinmu. Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa da fushi. Ba faɗa take yi da kowa ba, aiki take yi. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga takardu a ofishin gunduma, a kan tafiretar ƙarfe wadda sai ka ɗora mata ƙarfinka take fitar da harafi, kuma har yau yatsunta ba su yarda an canza zamani ba. Madannan kwamfuta na roba kuwa ba su saba da irin wannan duka ba. Sau biyu a shekara take sayen sababbi, tana masifar cewa masu ƙera kayan yanzu ba su da tsoron Allah.

Sana'arta matse bidiyo. A garinmu da wuya ka ƙirga gida uku ba ka samu mai ɗa ko miji yana aiki a Rasha ba. Ɗa ya turo bidiyon jaririn da aka haifa masa a can, wayar kaka ta ƙi buɗewa. An yi biki a nan, mai kyamara ya ba da fayil mai nauyin buhun shinkafa, intanet ɗin ƙauye ba zai ɗauke shi ba ko za a kwana uku ana turawa. Wani ya ɗauki bidiyo ya fito a kwance, sai ka karkace wuya za ka kalla. Duk wurinta ake kawowa. Ta rage faɗi, ta rage nauyi, ta juya shi zuwa irin wanda wayarka take ci, ta miƙa maka abinka ya zama ɗan mitsitsi amma kowa da kamanninsa.

Asalin rumfar ta ɗanta Bahodur ce. Da shi ma tafiyar Rasha ta kira shi, sai ya zaunar da uwarsa gaban kwamfuta ya ce zai koya mata manhaja mai hotuna, ta danna nan ta ja can. Kwana biyu tana kokawa da linzamin kwamfuta, kibiyar tana guje mata. A na uku ta jefa shi cikin aljihun tebur ta ce, "Kai, ba ni abin da ake rubutawa. Ni ban iya kiwon ƙuda ba." Shi ne ya buɗe mata baƙin allon nan da babu hoto babu maɓalli, sai ɗan farin layi yana ƙifta ido yana jiran umarni. Ya ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta ya rubuta mata layi goma sha huɗu, kowanne ya fara da kalma ɗaya, ffmpeg, a gefen kowanne kuma ya rubuta aikinsa: na wayar tsofaffi, na turawa Rasha, na talabijin, na cire murya kaɗai.

Turanci dai ba ta ji ko na sannu da zuwa. Amma matar da ta taɓa buga rahoton auduga shafi sittin ba kuskure ko ɗaya, ba a ba ta tsoro da haruffa. Ta fara da kwafa harafi bayan harafi, da tafiya ta yi tafiya ta gane wace lamba ce faɗi, wace ce tsawo, wace ce ke sa hoto ya yi tas ko ya yi hazo. Ta sha kunya a hanya. A shekarar farko ta zaɓi faɗi da tsawo yadda ranta ya so, ta matse bikin ɗan wani mahauci, amarya ta fito gajera kamar tulu, ango kuma kai ka ce shi ya cinye tukunyar osh, dafa-dukar shinkafar bikin, shi kaɗai. Uwar amarya ta zo har rumfa ta yi ta zuba ruwan bala'i. Tun ranar ta koyi darasi: ka faɗi faɗin da kake so, a gurbin tsawo ka rubuta ɗebe biyu, ka bar na'ura ta yi lissafinta da kanta.

Maƙwabcinta na rumfa, Kawu Hoshim mai zabibi, bai taɓa barin maganar ta kwanta ba. Duk sanda ya ga mace mai jiki ta nufo layin sai ya leƙo ya ce, "Apa, ga wadda kika matse can ta zo ƙara."

"Rufe mana baki, tsohon banza. Kai da za a matse ka ai sai gashin baki zai rage."

Haka suke tun safe har a tashi kasuwa, kuma buta ɗaya suke shan shayi.

Abin da aka fi saninta da shi kuwa, ajiya. Fayil ɗin asali, babban nan da aka kawo mata kafin ta matse, uwa take ce masa. A bayanta akwai kanta uku cike da faifan ajiya, kowanne a naɗe cikin ƙyalle, kowanne da takardar shekara a jiki. Ko bidiyon akuyarka ka kawo, sai ta kwafe uwar ta adana kafin ta taɓa komai. Ka ce mata ba ka so, ta ce ba kai ta tambaya ba. Mutane sun ɗauka halin tsofaffin ma'aikatan ofis ne, suna dariya suna jin daɗi, don ba sau ɗaya ba sau biyu ba wayar mutum ta faɗa rijiya ya zo ya tarar da bikinsa lafiya lau a kantar Apa. Ba wanda ya taɓa tambayarta yaushe ta fara wannan ajiya, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Wata Litinin cikin kaka, kankana ta cika kasuwa, sai ga Rohatoy ta shigo layin da fara'arta. Rohatoy tela ce a unguwar bayan tashar mota, mijinta Nozim ya rasu a Rasha shekara goma sha biyu da suka wuce, ya bar ta da 'ya ɗaya, Marhabo. Ta gaishe da Kawu Hoshim, ta zauna a bencin Apa, ta kwance bakin gyalenta ta fito da wata tsohuwar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba.

"Apa, Lahadi za a kai Marhabo."

"Masha Allah! Yarinyar da ke zuwa nan da majina? Wa ya yi wannan sa'ar?"

"Malamin makaranta ne, ɗan mutunci. Kina cikin 'yan gaba-gaba, kada ki ce mini rumfa." Ta ɗora wayar a tebur a hankali. "Amma aiki na kawo miki. Kin tuna bidiyon babanta, wanda kika sa mini a nan? Yarinyar ta kafe. Ta ce kafin ta fita daga gida, addu'ar da uba ke yi wa 'yarsa a bakin ƙofa, babanta ne zai yi mata. Ƙanensa yana nan, ya ce zai yi, ta ce ya yi tasa daga baya. Umed mai kyamara zai kawo ƙaton talabijin a kafa a tsakar gida. Da ya duba na wayar nan sai ya ce ya yi ƙanƙanta, sai an samo babban. Na ce masa wannan ai mai sauƙi ne, wa bai san Apa ba ta zubar da komai ba?"

Apa Sabohat ta dubi wayar. Sai ta tsinci kanta tana gyara littafin da ba abin da ya same shi.

"Bar mini wayar, ƙanwata. Ki dawo jibi."

Ta san babu. Ta san ranar, ta san ma rigar da ke jikinta a ranar. Wani abokin aikin Nozim ne ya zo hutu ya kawo katin ajiya na waya, a ciki da bidiyon da Nozim ya ɗauka da wayar aro mai kyamara mai kyau. Wayar Rohatoy ta ƙi buɗe shi. Apa ta kwafe shi a kwamfuta, ta buga layin wayar tsofaffi, faɗi ɗari da saba'in da shida, tsawo ɗari da arba'in da huɗu, ta zuba wa Rohatoy ɗan ƙaramin. Mai kati ya karɓi katinsa ya cika shi da waƙoƙi ya koma. Ran Alhamis kuwa ta yi abin da ta saba. A ofishin gunduma an hore su cewa duk ƙarshen mako mai buga takardu ta tattara takardun kabon da kwafin gwaji ta ƙone, kada a bar maganar mutane a tebur. Wannan tarbiyya ta kawo rumfa: duk Alhamis sai ta share kwamfuta tas, tana ganin amana take riƙewa. Wata biyar bayan haka aka bugo waya cewa Nozim ya faɗo daga saman gini. Ranar da aka kawo gawarsa ta je gaisuwa, ta tarar da Rohatoy a ƙuryar ɗaki tana kallon ɗan hoton nan a tafin hannunta. Washegari Apa ta sayi faifan ajiyarta na farko.

Duk da haka ta sauke kantar nan kaf. Ta kwance ƙyalle bayan ƙyalle, ta jona faifai bayan faifai, tana neman abin da ita da kanta ta goge. Mutum idan kunya ta kama shi yakan yi aikin da ya san na banza ne. Kawu Hoshim ya leƙo da butar shayi, ya ga fuskarta, ya haɗiye tsokanar da ya zo da ita.

"Babu ko?"

"Babu. Ni na goge shi, Hoshim."

"To ki ƙara wa ƙaramin girma mana. Ke da kike mayar da raƙumi ɗan tsako, ki kasa mayar da ɗan tsako kaza?"

"Zo ka gani."

Ta buga layi, ta buɗe hoton ya cika allo. Nozim ya watse. Fuskarsa ta zama dabbare-dabbaren murabba'ai masu launin ƙasa, bakinsa wani baƙin rami yana buɗewa yana rufewa. Kawu Hoshim ya ja da baya yana salati. Ta ce masa abin da aka zubar wajen matsewa ya zubu ke nan, na'ura ba ta ajiye shi a wani lungu ba. Ta iya ragewa, amma ita da na'urar duk ba su iya mayarwa ba.

Ran Talata Umed mai kyamara ya iso, yana ƙamshin turare, makullin mota a yatsa. Mutum ne mai son aikinsa, ba mugu ba, sai dai yana ganin duk abin da ya wuce shekara biyu ya zama kayan tarihi. Ashe tun ranar da Rohatoy ta nuna masa wayar ya kwafi ƙaramin bidiyon.

"Apa, ki daina wahalar da kanki da wannan baƙin allon naki. Yanzu akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto, ta cike duk inda ya ɓace. Minti uku ya ɗauke ni. Duba nan."

Ya miƙa mata wayarsa. Wani mutum ne a ciki, fes da shi, fata sumul, hanci miƙaƙƙe, haƙora farare a jere, yana magana da muryar Nozim. Kawu Hoshim ya sa tabarau ya leƙa ta kafaɗarta.

"Kai, wannan ɗan fim ɗin fa? A ina ya samu muryar Nozim?"

"Shi ne mana, Kawu. An gyara shi ne."

"An dai sake haifarsa. Nozim da ya faɗo daga bishiyar gidanmu yana ɗan shekara goma ya karya hanci? Ni na ɗauke shi zuwa asibiti. Ina hancin? Ina haƙorin zinariyar da ya sa ya hana mu sakat da murmushi?"

Umed ya ɗaga kafaɗa. "Na'ura ta ɗauka datti ne ta share. Wa zai lura? Apa, ki ba su wannan ki ce shi ne babban. Amarya ta yi kukanta, kowa ya ji daɗi, ke ma kin huta."

Ba za a ɓoye ba, maganar ta shige ta. Ta daɗe tana kallon kyakkyawan baƙon nan. Da ta karɓa, sunanta na mai ajiya yana nan daram, ba wanda zai ji labarin Alhamis ɗin nan har ta koma ga Allah. Marhabo shekararta tara uban ya rasu, rabin waɗannan shekarun ma yana Rasha. Sai ta tuna abin da za a yi da bidiyon. Yarinya za ta tsaya a bakin ƙofar gidansu ta ɗaga hannu ta karɓi albarka, kuma daga fuskar wanda ba a taɓa haifa ba.

"Tura mini shi," in ji ta. "Zan nuna musu. Amma zan faɗa musu aikin na'ura ne."

Ba ta jira Rohatoy ta dawo ba. Da la'asar ta rufe rumfa, ta sayi gurasa huɗu masu zafi ta naɗe a ƙyalle, ta nufi unguwar bayan tasha. Ta tarar da gidan a hargitse da shirin biki, katifun amarya masu launi-launi an jibge su kan akwati har kusan rufi. Rohatoy ta shimfiɗa mata, ta gutsuttsura gurasa, ta zuba shayi ta miƙa mata da hannun dama, hagun a ƙirji. Apa ta karɓa ta ajiye ba ta kai baki ba.

"Rohatoy, babu babban. Na goge shi tun a makon da aka kawo shi."

Rohatoy ta tsaya da butar a hannu. "Ban gane ba. Ke da ba kya goge komai?"

"Saboda shi ne na daina."

A waje wata mata tana kiran a kawo mata almakashi.

"Shekara goma sha biyu," in ji Rohatoy a hankali. "Duk sanda idona ya gaji da ɗan hoton nan, sai in ce ba komai, babban yana wurin Apa, wata rana zan je in gan shi sosai. Ban zo ba don ina tsoron kada in gan shi tas in kasa tashi. Ajiye shi na yi a wurinki, Apa. Kina ganina a kasuwa, kina tambayata ya yarinya, ba ki taɓa buɗe baki ba?"

"Ban taɓa ba. Kunya ta hana ni. Ba ni da wata hujja bayan wannan."

Rohatoy ta juya fuskarta ga bango. A nan Marhabo ta shigo, doguwa, hannuwanta duk gari, ta durƙusa ta gaishe da baƙuwa. Kallo ɗaya ta yi wa uwarta ta san ba lafiya. Apa ba ta yi kwana-kwana ba, ta maimaita mata abin da ta faɗa, sannan ta ajiye waya biyu a kan shimfiɗa, tata mai ɗauke da aikin Umed da tsohuwar mai roba.

Marhabo ta ɗauki ta farko ta kalla har ƙarshe. "Wannan ya fi kyau," ta ce. Ta sake kallo. "Goggo, amma ban san shi ba. Babana idan ya yi dariya wani abu yakan ƙyalla a bakinsa. Shi na fi tunawa da shi." Ta ɗauki tsohuwar wayar ta kunna. A cikin ɗan hoton nan da bai fi akwatin ashana ba, mutumin ya yi dariya, wani ɗigo guda mai ruwan ɗorawa ya haska ya ɓace. "Ga shi nan. Wannan nake so."

"A ƙaton talabijin zai watse, 'yata."

"To ki hana shi watsewa. Ba ke ce Apa Sabohat ba?"

Rohatoy ba ta juyo ba. "Ki yi abin da za ki iya," kawai ta ce. Da Apa ta tashi tafiya, Marhabo ce ta raka ta ƙofa. Uwar gidan ba ta motsa daga inda take ba, kuma a garinmu wannan ya fi zagi ciwo.

Kwana uku Apa ba ta karɓi aikin kowa ba. Duk wanda ya zo Kawu Hoshim ke tare shi: "Yau babu, likita tana tiyata." Bidiyon daƙiƙa arba'in da takwas ne kacal. Nozim a zaune bakin gado a ɗakin ma'aikata ranar Sallah, ya gaishe da gida, ya yi ƙorafin cewa masu dafa musu osh sun mayar da shi kunu, ya yi dariya, sannan ya kira sunan 'yarsa ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Apa ta ninka girman hoton sau biyu, ta ja kujera baya ta duba: Nozim ne. Ta ninka sau uku, ya fara narkewa. Ta gwada biyu da rabi, ta kira Kawu Hoshim.

"Shi ne?"

"Shi ne, amma kamar ya kwana da zazzaɓi."

Ta koma kan biyu ta tsaya. Saura talabijin ɗin Umed, wanda duk abin da aka ba shi sai ya ja shi ya cika fuskarsa. Ta yi ta juya littafin Bahodur, babu layin da ya yi maganin wannan a cikin sha huɗun, babu kuma a cikin waɗanda ta ƙara da hannunta. Ta buga masa waya yana wurin aiki, ana ta ƙarar inji a bayansa, ya yi mata ihun wata kalma mai harafi uku, ta rubuta. Sauran ita ta haɗa da gwaji da kuskure, na'ura tana watso mata jan rubutu tana mayar mata da baƙar magana. Dabarar ita ce ta yi baƙin fili daidai girman talabijin, ta zaunar da Nozim a tsakiyarsa da ɗan girmansa. Talabijin zai ga an cika masa fuska, ba shi da abin ja. Muryar ma ta ɗaga ta, ta rage shuuu ɗin da ke bayanta. Ran Asabar ta ƙara wani layi guda wanda ba ta nuna wa kowa ba, ta sa fayil ɗin a filashi, ta kwafi uku.

Ran Lahadi bayan azahar tsakar gidan Rohatoy ta cika maƙil. An ci osh an kwashe faranti, motocin dangin ango suna jira a waje an yi musu ado da ƙyallaye. Umed ya kafa talabijin ɗinsa a kan tebur ƙarƙashin rumfar inabi, dab da ƙofar fita. Apa ta zo ta dube shi ta ce a ɗaga. Aka sa akwati a ƙarƙashi. Ta ce a ƙara. Aka ƙara matashi biyu, Umed yana gunaguni cewa idan ya faɗo ita za ta yi bayani. Sai da tsakiyar allon ya zo daidai fuskar namiji a tsaye ta ce ya isa.

Aka fito da amarya cikin farin mayafi, mata biyu suna riƙe da ita. Rohatoy tana bayansu, idonta a ƙasa. Tun safe ba ta ce wa Apa komai ba ban da sannu da zuwa. Apa ta tsaya gefen tebur da rimot a hannu, ta yi bisimilla ta danna.

Ƙaton allo ya yi baƙi ƙirin, a tsakiyarsa ɗan hoto da bai fi littafin rubutu ba. Wani daga baya ya ce, "Af, talabijin ɗin ya lalace ne?" Umed ya sunkuyar da kai don kunya. Sai muryar ta fito.

"Assalamu alaikum, mutanen gida. Rohatoy, kina jina?"

Hayaniya ta ɗauke. Na baya ba sa gani, sai suka fara matsowa. Tsofaffin da ke kan katifu suka dafa sanduna suka miƙe, abokan Nozim suka baro bakin ƙofa, mata suka saki faranti, kowa ya taho a hankali har aka yi da'ira aka matsu kamar yadda ake kewaye mutumin da ya dawo daga tafiya. Da ya yi ƙorafin osh aka yi dariya, shi ma ya yi, ɗigon nan ya ƙyalla. Kawu Hoshim ya ce da ƙarfi, "Ga ɗan banzan haƙorin nan!"

"Marhabo, 'yar Baba, matso kusa in gan ki."

Da 'yar shekara tara yake magana, amma amaryar ce ta zame hannunta daga na masu riƙe da ita, ta tako har gaban allon, tazarar taku ɗaya. Nozim ya ɗaga tafukansa. Duk tsakar gidan aka ɗaga tare da shi. Ya roƙa mata lafiya da ilimi, ya roƙi Allah ya haɗa ta da mutanen kirki duk inda ta sa ƙafa, ya sa ta zama sanyin idon uwarta, kada ya nuna mata ranar da za ta rasa mai tsaya mata. Ya shafa, aka shafa, amin ta tashi kamar daga baki ɗaya.

Daƙiƙa biyun ƙarshe irin waɗanda duk mai aikin bidiyo yake yankewa ne. Nozim ya miƙo hannu zai kashe wayar, tafinsa ya taho ya rufe rabin hoton, rabin fuskarsa na leƙowa ta bayansa da sauran murmushi. A tsohuwar waya nan take hoton ke ɗaukewa. A nan bai ɗauke ba. Layin da Apa ta ƙara ran Asabar ke nan: hoton ƙarshe ya tsaya cak, hannun a miƙe, daidai saman goshin mai tsaye a gabansa. Marhabo ta dube shi, ta sunkuyar da kanta a ƙarƙashinsa, kafaɗunta suna rawa.

Apa ta ji an damƙe mata wuyan hannu da ƙarfi. Rohatoy ce, ba ta ma kalle ta ba, idonta na kan allon, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Apa," ta ce da raɗa, "don Allah kada ya ɗauke hannun tukuna."

Apa Sabohat ta ɗora ɗaya hannunta a kan nata.

"Ba zai ɗauke ba, ƙanwata. Minti biyar na ba shi."